Dalhatu Gishiri da Ɗorawar Kan Iyaka

A Rurum Tsohon Gari, idan baƙo ya ce yana neman Malam Dalhatu, sai a tambaye shi wanne daga ciki. Amma da ya ce Dalhatu Gishiri, to magana ta ƙare. Matar da ke bakin rijiya ma da haɓa za ta nuna masa gidan, ba sai ta saki guga ba. Ba sayar da gishiri yake yi ba. Malamin elemantare ne, siriri, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Sunan ya samo asali daga tasoshin da yake jerawa a kan soron zaurensa, kowace da ruwan gishiri, an rufe ta da tsumma shara-shara, rana tana shanye ruwan a hankali. Ran da suka bushe sai ya kafa tsani ya sauko da su, ya zaro gilashin ƙara girman abu daga aljihu, ya tsuguna. Abin da yake gani bai taɓa gundurarsa ba: 'yan ƙwayoyi garai-garai, kowace da fuska shida da kusurwa takwas kamar sukarin kanti, ba wanda ya sassaƙa su, ba wanda ya ja musu igiya. Ruwan rijiyar Rurum ne da gishirin kasuwar Rano, amma ga gini ya tashi wanda ya fi ƙarfin magina. Yakan ce subhanallahi ƙasa-ƙasa, sannan fuskarsa ta ɗaure, don ginin yana tuna masa da wani lissafi da ya gagare shi.

Su biyu ne 'ya'ya maza a gidan ubansu, Malam Ramalan manomi. Shekarar da aka aiko daga Rano cewa kowane gari ya kawo yara makarantar boko, uban ya dubi 'ya'yansa. Ishiyaku, babban, ya riga ya iya riƙe fartanya. Dalhatu kuwa ba abin da ya iya sai tambaya. Aka cusa Ishiyaku cikin rumbu aka rufe, aka miƙa Dalhatu. Mata suka yi ta kuka kamar an kai shi kushewa. Ba wanda ya tambayi na cikin rumbu ko yana son ɓuyan.

Kan Dalhatu ya ɗauki karatu. Daga Rano sai makarantar Midil ta Kano, daga nan, 'yan shekaru kafin mulkin kai, ya sami shiga wata kwalejin kimiyya a Zariya. A can ne wani dogon Bature da ɗalibai suke kira Mai Alli, saboda yadda yake fitowa daga aji fari fat har girarsa, ya shigo wata safiya da dunƙulen gishiri a tafin hannu.

Gishiri, in ji Mai Alli, ƙwayoyi ne iri biyu, ƙanana ƙwarai da ido ba ya riskarsu, kowane iri da irin lantarkin da yake ɗauke da shi. A ɗauka wasu farare ne, wasu baƙaƙe. Fara da baƙa janyo juna suke yi. Fara da fara, ko baƙa da baƙa, ture juna. Kuma a jere suke, fara, baƙa, fara, baƙa, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Nisa yana rage ƙarfin: wadda ta ninka 'yar'uwarta nisa, rabin ƙarfi ne nata. To mutum ya tsaya a kan baƙa guda a tsakiya, ya tara duk janyowar da ake yi mata, ya ɗebe duk turewar. Abin da ya saura shi ne yake riƙe da gishiri. Ba don shi ba, da miyar duniya duk lami ce.

Ya juya ga allo ya fara: farare shida mafi kusa, a tara, baƙaƙe goma sha biyu da ke bayansu, a ɗebe, farare takwas, a tara. Sai ya tsallaka can ƙarshen allo ya rubuta 1.748, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Wannan ita ce amsar," ya ce. "Amma tsakanin nan da can akwai wata dabara. Mako mai zuwa."

Makon bai zo ba. Kafin ya zagayo, aka ce da Dalhatu yana da baƙo a bakin ƙofa. Ya fito ya tarar da Ishiyaku tsaye, takalman fata a hannu, yana kallon benayen kwalejin kamar wanda ake shirin tuhuma.

"Baba ya rasu," ya ce. "Inna ta ce ka zo."

Bayan sadakar arba'in Dalhatu ya fara ɗaure akwatinsa. Ishiyaku ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce ba inda za shi: ga tsohuwa, ga ƙanne mata, ga gona, shi kaɗai ba zai iya ba, karatun ya isa haka. Dalhatu bai yi musu ba. Da ya yi ihu a ranar, da wataƙila an wuce wurin. Sai ya kwance akwatin a hankali, ya ninke kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, Yaya." Daga ranar nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, irin wadda ake yi wa wanda aka haɗu da shi a mota.

Da aka raba gonar gado, iyaka ta bi ta gindin wata babbar ɗorawa da kakansu ya bari. Dattawa suka ce ai wannan sananne ne, itacen kan iyaka raba 'ya'yansa ake yi. Dalhatu ya kaɗa kai.

"Itace ko nawa ne, ko ba nawa ba ne. Ban san rabi ba. Ya riƙe."

Kowace bazara Ishiyaku yakan aiko da rabin ɗorawar a kan jaki, kowace bazara Dalhatu yakan ce a mayar. Noma kuwa sai ya ba 'yan ƙodago, shi ko leƙa gonar ba ya yi.

Ya kama aikin koyarwa, ya auri Saude, mace mai baki da saurin dariya, ya kuma kafa sansani a zaure. Ya mulmula ƙwallaye, wasu da farar ƙasa, wasu da baƙar lakar kududdufi, ya haɗa su da tsinken kara: uku a tsaye, uku a kwance, hawa uku, da baƙa guda a tsakiyar tsakiya. Mutanen gari suka yi ta zance. Wasu suka ce tarkon aljanu ne, wasu suka ce taswirar gidan Gwamna. Bappa, wani Bafillace da ya daɗe da zama yana noma kusa da gonarsu, ya leƙo ya ce in dai kejin kaji ne, to shaho ya gode.

Lissafin kuwa ya ƙi. Yadda ya ga an fara a allo haka ya ci gaba: na kusa tukuna, sai na bayansu, zobe bayan zobe, kamar ruwan tafki in an jefa dutse. Zoben farko ya ba shi shida. Na biyu ya tunkuɗa shi ƙasa da sifiri. Na uku ya dawo da shi biyu da 'yan kai, na huɗu ya sake nutsar da shi, na biyar ya cilla shi kusan goma. Ya ce da kansa ai na nesa ba su da ƙarfi, in ya yi haƙuri abin zai lafa. Bai lafa ba, don duk zoben da ya fi nisa ya fi yawan jama'a. Lambar ta riƙa tsalle kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure da sabuwar igiya, ba ta ko waiwayar 1.748.

"Malam," Saude takan ce daga bayan ƙyaure, "gishirin miyata fa? Na auna mudu ranar kasuwa."

"Yana sama, yana aiki."

"To in ya tashi daga aikin a ce masa kuka tana gaishe shi."

Aka yi bikin mulkin kai, aka raba wa yaran makaranta tutoci, aka yi kiɗa a Rano har ƙura ta tashi. Dalhatu ya jera yaransa, ya rera abin da aka ce a rera, ya dawo zaurensa ya ɗora daga zoben da ya tsaya.

Mutane sun ɗauka son ilimi ne, shi ma haka yake gaya wa kansa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma gidan waya yana nan a Rano. Da kan sarki guda zai rubuta wa Mai Alli, ko wani cikin abokan karatunsa da suka zama manya a Kaduna, a aiko masa da dabarar a rabin takarda. Bai taɓa rubutawa ba. Yakan ce so yake ya gano da kansa, don ya tabbatar cewa kan da aka ɗauko daga Zariya ba na banza ba ne. Abin da bai yarda ya duba ba shi ne, muddin lissafin nan bai fita ba, yana da shaida a kan yayansa. Duk ranar da lambar ta yi tsalle, wani sashe na zuciyarsa yakan ce: ka gani, Yaya, ga abin da ka yi. Mutum yakan shaƙu da ciwonsa har ya riƙa yi masa shimfiɗa.

Ana nan, wata bazara kurkunu ya fito wa Ishiyaku a ƙafa, ya kwantar da shi daidai lokacin da ɗorawa ta nuna. Da hantsin wata Asabar sai ga Iya Dije, tsohuwar da gonarta take gabas da tasu, ta doka sandarta a ƙofar zaure. Ita ce take rabon ɗorawa a wannan yanki tun Dalhatu yana cikin tsumma.

"Kai, Gishiri! Fito. Yayanka ba ya iya tsayuwa, 'ya'yansa ba su isa ɗaga gora ba. Jinin Ramalan ne zai kaɗo ɗorawar Ramalan, ba ɗan ƙodago ba."

"Iya, ai na ce ba ni da rabo a itacen nan."

"Ba rabo na ce ka zo ɗauka ba, ɗan nema. Aiki na ce. Bokon naku har da hana ɗaga hannu?"

Ya shiga ciki neman hularsa yana gunaguni cewa shi ko ƙwayar kalwar itacen nan ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Saude tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, daddawar da kake santi a kanta shekara da shekaru, daga Makka kake zaton ake kawo mini? Jakin yakan fita ta ƙofar zaure, ya zagayo ta bayan danga."

Ya tsaya da hula a hannu. Sannan ya kifa ta a ka ya fita.

A gona ya tarar an kawo Ishiyaku a kan jaki an jingina shi da gindin itacen, ƙafar a miƙe, an naɗe kan tsutsar a jikin ɗan tsinke. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Suka gaisa irin gaisuwarsu. Dalhatu ya karɓi doguwar gora mai ƙugiya ya shiga fizgo ɗorawa, tana zubowa tsaba-tsaba, garin nan rawaya yana sauka a kan farar rigarsa.

"A'a, ku zo ku ga Malam ya zama ɗan tsako!" in ji Bappa. "Ja da ƙarfi mana, ba alli ba ne!"

Da aka gama, Iya Dije ta zauna ta kasa tsibi biyu, tana ɗaga wannan ta rage, tana ƙara wa wancan. Sannan aka matsa can ƙarshen gona, inda wata ɗorawar take tsaye a daidai kusurwar da gonaki huɗu suka haɗu: ta Ishiyaku, ta Dalhatu, ta Bappa, da tata. Nan ta kasa huɗu.

"Iya, rassan nan fa sun fi karkata wajena," Bappa ya ce. "Inuwar duk gerona take kashewa."

"To ka kwashi inuwar, na ba ka duka. Ɗorawa kam ɗaya cikin huɗu. Na kan iyaka rabi, na kusurwa rubu'i. In kowa ya ƙirga shi cikakke a gonarsa, itace ɗaya ya zama huɗu ke nan, ku yi ta faɗa a kan ukun da Allah bai halitta ba."

Dalhatu yana jingine da gorar yana share gumi. Ya san wannan al'ada tun yana yaro. Ba sabon abu ya ji ba. Amma yau yana tsaye a kan kusurwar da ƙafarsa, yana ganin iyakoki huɗu sun miƙe sun bar gindin itacen, kowace gona da ta kusa da ita, har gindin duwatsu. Sai ƙwallayen zaurensa suka faɗo masa a rai. Uku, uku, hawa uku. Ashe gona ce mai iyaka, kuma in ban da baƙar tsakiya, duk sauran a kan iyaka suke zaune. Shi kuwa shekara da shekaru yana ƙirga kowace cikakkiya, ko ya bar ta gaba ɗaya.

Gorar ta zame ta faɗi. Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya tsinci tsinke. Lambobin nisan duk suna kansa kamar Fatiha. Farare shida suna kan fuska, tsakanin gona biyu: rabi-rabi. Baƙaƙe goma sha biyu suna kan gefe, inda huɗu suka haɗu: rubu'i-rubu'i. Farare takwas na kusurwa fa? Ya ɗaga kai ya dubi sama ta cikin rassan. Gonar gishiri tana da maƙwabta a bisa da ƙarƙashi. Huɗu a nan, huɗu a sama. Ɗaya cikin takwas. Kafin ya tara komai ya lura da wani abu: da wannan rabon, farare huɗu ne cif a cikin iyaka, baƙaƙe ma huɗu. Ba wanda ya fi wani.

Ya tara, ya ɗebe. 1.456.

Bai yi tsalle zuwa goma ba, bai nutse ƙasa da sifiri ba. Ya faɗaɗa gonar, biyar, biyar, hawa biyar, na ciki cikakku, na kan iyaka kowa da rabonsa. Ya cika ƙasar da lambobi har ya kai ga tsibin Bappa, Bappa ya janye buhunsa ba tare da ya yi tsokana ba.  Kurciya kawai ake ji.

1.752.

Ya zauna daɓas. Bai buƙaci gona ta uku ba kafin ya san inda za ta sauka; lambar ta sunkuyar da kai ta nufi gida. Ya yi zaton ran da wannan ya faru zai yi ihu, ko ya ji ya fi kowa a ƙasar Rano. Ba haka ya ji ba. Ji ya yi ya ƙanƙance. A cikin ɗan gishirin da Saude take barbaɗawa da yatsa uku akwai jama'ar da ta fi yashin rafi yawa, kowace tana janyo wata tana ture wata, har abin da ba shi da iyaka, kuma duk wannan rigima an daidaita ta a kan 'yar lamba guda da ba ta kai biyu ba. Haka take tun kafin Mai Alli, tun kafin a kafa Rurum, a cikin kowace tukunya, ba ta jiran kowa ya gano ta. Ya ce subhanallahi ƙasa-ƙasa.

Can ƙasan mamakin kuma ya ji wani wuri ya zama fayau, kamar gurbin haƙorin da aka cire. Shaidarsa ta tafi.

Ishiyaku ya sa aka matso da shi. Ya daɗe yana kallon zanen da ba ya iya karantawa.

"Dalhatu. Wannan ne abin da na ɗauko ka daga kansa?"

"Shi ne, Yaya."

"Ya fita?"

"Ya fita."

Ishiyaku ya gyara zaman ƙafarsa, ya cije leɓe don zafi. "Da na bar ka a can, da yaushe za ka same shi?"

Dalhatu ya daɗe yana tanadin wannan amsa, ya wasa ta kamar wuƙar layya. Yanzu da lokacinta ya zo sai ta fito a sanyaye.

"Mako mai zuwa, aka ce mana."

Ishiyaku ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki ɓawon ɗorawa yana murzawa. "Ran da aka sa ni a rumbu," ya ce, "ina leƙenka ta wata 'yar kafa, an ɗora ka a kan jakin mai gari. Har yau ban san wanda aka ɓoye ba, ni ko kai." Ya nuna lambar ƙarshe da ɓawon. "Wannan mai kama da ƙugiya, nawa ke nan?"

"Biyu."

"To. Na san ɗaya yau."

"Biyu ka sani, Yaya," in ji Dalhatu, dariya ta kuɓuce masa ba shiri, irin wadda rabonsa da ita tun suna kiwon awaki.

"Ku dai kun ji da shi," Iya Dije ta ce, tana dafa sanda ta miƙe. "Rana tana yi. Gishiri, a ɗora wa jaki ya zagaya ta bayan danga, ko yaya?"

Dalhatu ya tashi ya kaɗe rigarsa, garin ya ƙi fita. Ya je ya tattara rubu'insa na kusurwa, ya dawo gindin ɗorawar kakansu ya haɗa da rabinsa, ya ɗaure bakin buhun. Jakin dai na mai ciwon ƙafa ne. Bappa ya taya shi ya ɗora a ka, ya bi bayan yayansa suka nufi gari, ya shiga da kayan ta ƙofar zaure.

Ya ci gaba da koyarwa a Rurum har ya yi ritaya, bai taɓa rubuta wa kowa labarin ba. Tasoshin dai ba su sauka daga kan soro ba, kuma Saude ba ta fasa ƙorafin gishirinta ba.